Bushin da metal na alminiyom: ta ina ake rage kuɗin ƙera su?

Wani mai sana'ar zubi daga Kaduna, wanda ya daɗe yana zuba tukwane da kayan inji na alminiyom, ya aiko da tambaya. Ya ce kanikawa sun fara nemansa da aikin bushin, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, tagullar da aka saba yin sa da ita kuma ta yi tsada. Yana so ya san yadda manyan masana'antu suke rage kuɗin ƙera bushin da metal na alminiyom, da kuma ko shi ma zai iya bin sawunsu har ya kai ga yin metal ɗin injin mota.

Malam, sannu da ƙoƙari. Bari mu fara raba kayan, don abu uku ne ake cakuɗawa a kasuwa. Boris mai 'ya'ya ba ya cikin wannan magana, da ƙarfe mai tauri ƙwarai ake yin sa, alminiyom ba shi da hurumi a wurin. Saura biyu: bushin na zubi, wanda gaba ɗayansa alminiyom ne, da metal ɗin da ke rungume da kiranshaf, wanda bayansa ƙarfe ne, cikinsa kuma ɗan siririn shafi ne na alminiyom. Na farkon yana cikin ikonka. Na biyun ba ya ciki, kuma zan gaya maka dalili. Amma dabarar da masu yin na biyun suka bi suka karya farashi ita ce za ta yi maka amfani, don ba wani sinadari mai arha suka gano suka zuba a tukunya ba. Abin da suka yi shi ne rage yawan ƙarfe mai tsada da ke cikin kowane guda, da rage matakan aiki, da hana abin da aka riga aka narka komawa bola.

Alminiyom zalla ba ya yin bushin. Da zarar mai ya yanke ko na ɗan lokaci, sai ya manne wa shaf, ya yayyage. Shi ya sa ake haɗa shi da kuza. Kuza ba ta narkewa cikin jikin alminiyom idan ya daskare, tana zama daban a tsakanin ƙwayoyinsa, tana da laushi, kuma tana narkewa a digiri 232 alhali shi sai ya kai 660. Idan wuri ya ɗau zafi, ita ce take shafuwa a fuskar bushin ta hana kamawa. Ɗan tsakin da ya shigo cikin mai ma a jikinta yake nutsewa maimakon ya karce shaf. Matsalar ita ce kuɗinta. A 'yan shekarun nan farashin tan ɗaya na kuza a kasuwar duniya ya kai ninki goma na alminiyom, wani lokaci ya wuce. Yi lissafin da kanka. A haɗin da kuza take kashi 20 cikin ɗari, ita kaɗai ta cinye fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin ƙarfen. Idan ka sauko da ita kashi 6, kuɗin kilo ɗaya na haɗin ya kusa raguwa da rabi.

Haɗin kashi 20 ɗin nan, mai ɗan jan ƙarfe kashi 1, a Ingila aka gyara shi a shekarun 1950, aikin kamfanin Glacier Metal da cibiyar binciken kuza da ke ƙasar. Kafin su an san cewa yawan kuza yana ƙara santsi, amma yana karya ƙarfin haɗin, domin idan aka zuba shi ya daskare, kuzar tana lulluɓe kowace ƙwayar alminiyom ta raba ta da 'yar'uwarta. Su suka nuna cewa idan aka murza shi a rola aka kuma gasa shi a wajen digiri 350, wannan lulluɓin yana tsinkewa, kuzar ta tattaru a kusurwoyin ƙwayoyin, su kuma ƙwayoyin su kama juna. Riƙe wannan da kyau, don ya shafe ka kai tsaye: kai ba ka da rola, saboda haka idan ka zuba haɗin kashi 20 ka biya kuɗi mai yawa ne ka sayi bushin mai rauni. Naka shi ne na kashi 6, wanda ya girme shi a masana'anta kuma tun asali don zubi aka yi shi. A jerin haɗe-haɗen Amurka lambarsa 850, kuza wajen kashi 6, jan ƙarfe 1, nikel 1. A nan mai arhar shi ne kuma mai ƙarfin, abin da ba kasafai ake dacewa da shi a wannan sana'a ba.

Yanzu ga yadda ake yin metal ɗin mota. Ana zuba haɗin ya fito falle, a kankare fuskokinsa, a lulluɓe shi da siririn fallen alminiyom zalla, a murza. Wannan fallen zalla ba ado ba ne. Idan kuza ta taɓa ƙarfen baya kai tsaye, shafuwa take yi ta hana mannewa. Shi kuma ƙarfen baya, mai laushi ne maras yawan kabon, ana wanke masa maiƙo, a goge fuskarsa da burushin waya ko sanfefa har sabon jiki ya fito, nan take a haɗa su biyun a tura cikin rola da sanyinsu. A wucewa ɗaya kaurinsu yakan ragu da kusan rabi, kuma wannan matsin ne yake haɗa su, babu walda, babu gam. Sai a gasa. Gashin nan yana da iyaka: idan zafi ya wuce kima, alminiyom da ƙarfe suna haifar da wani ɓawo mai gautsi a tsakaninsu, shafin ya ɓare a cikin inji. Daga nan a tsaga, a yanka, a lanƙwasa a injin matsi, a huda ramin mai, a gyara ciki. Shafin alminiyom da ya rage a ƙarshe bai kai rabin milimita ba. Duk sauran ƙarfe ne mai arha.

Arhar farko ke nan. Ta biyu ta fi ta girma. Abokin hamayyar wannan metal shi ne mai hawa uku: ƙarfe a baya, haɗin jan ƙarfe da dalma a tsakiya, sannan wani shafi mai laushi da ake ɗorawa da lantarki a cikin kwatamin sinadari, da ɗan shingen nikel a ƙarƙashinsa. Wannan sashe na shafin lantarki masana'anta ce mai zaman kanta, da wutarta, da ma'aikatanta, da gurɓataccen ruwan da dole a tace kafin a zubar. Metal na alminiyom mai hawa biyu ba ya bukatar ko ɗaya. Da aka zo shekarar 2000 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara korar dalma daga kayan mota, sai ya ƙara samun kasuwa, don yawancin haɗe-haɗensa dama ba su dogara da ita ba.

Ta uku daga Japan ta fi fitowa, inda kamfanoni irin su Taiho da Daido suka yi fice da haɗin alminiyom da kuza da silikon. Dalilin ya ba ni sha'awa tun ranar da na fara ganin sa a madubin ƙara girma. Masu ƙera mota sun koma yin kiranshaf da ƙarfen zubi mai dunƙulallen girafait a ciki, don ya fi na ƙira arha. To idan aka wasa irin wannan shaf, kowane ɗigon girafait da ya fito fili yakan bar ɗan ƙaramin leɓe mai kaifi a gefensa, wanda ido ba ya gani amma yana cin metal mai laushi. Sai aka sa silikon kashi 2 zuwa 4 a cikin haɗin. Ƙwayoyinsa masu tauri suna goge waɗannan leɓɓan a farkon aikin inji, shaf ya yi sumul. Da silikon ya karɓi wani ɓangare na aikin, sai aka iya sauko da kuza zuwa wajen kashi 10 ko 12, metal ɗin kuma ya fi jure nauyi. Silikon a kasuwa bai kama ƙafar kuza a tsada ba.

Sauran arhar tana cikin tsarin aiki. A da ana zuba katon curi ne, a yi ta murzawa ana gasawa har ya sirance. Yanzu akwai injinan da ke zuba falle kai tsaye a tsakanin bel biyu ko rola biyu masu sanyaya, ya fito kusa da kaurin da ake so. Kuma duk mai hankali a masana'antar yana datse gefen fallen alminiyom kafin a manna shi da ƙarfe, domin a lokacin yana iya komawa tukunya da kuzarsa. Bayan an manna, ya zama tarkacen da ba shi da daraja.

Me ya sa na ce metal ba naka ba ne? Rolar da za ta rage kaurin ƙarfe da rabi a wucewa ɗaya ba abin da ake haɗawa a Panteka ba ne. Bambancin kaurin da ake yarda da shi tsakanin metal da metal kuma 'yan maikuron ne, wato kashi kaɗan cikin dubu na milimita, sannan da yake rabi biyu ake haɗawa a rungume shaf, kowane rabi sai ya ɗan fi gurbinsa tsawo daidai gwargwado don ya kama idan an ɗaure kusoshi. Kuɗin waɗannan injina ba ya fita sai a kan miliyoyin guda. Wanda ya ce maka zai zuba metal ɗin mota a mazubin ƙasa, injin wani zai kashe. Idan wata rana jari ya samu, hanyar tsakiya ita ce sayen fallen da aka riga aka manna, akwai masu sayar da shi a naɗe a Indiya da Sin, kai kuma ka yanka ka naɗe shi bushin. Wannan aikin injin matsi ne, ba na zubi ba.

To mu dawo maƙerarka. Ɗauki bushin mai faɗin milimita 60 a waje, 50 a ciki, tsawo 50. Ƙarfen da ke jikinsa wajen santimita kubik 43 ne. Da tagulla zai yi nauyin giram 380, da haɗin alminiyom kuwa giram 125 ko ƙasa da haka. Ka ga tun kafin a yi maganar farashin kilo, kilo ɗaya ya ba ka uku a inda tagulla ta ba ka ɗaya. Amma duba inda ribar take zubewa. Yawancin masu zubi sanda suke zubawa cikakkiya, a kai wa mai injin feƙe ya huda. Sandar da za ta ba da wannan bushin, mai faɗin 65 da tsawon 55, ta haura giram 500. Fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ka ƙona gawayi ko baƙin mai ka narka ya koma ɓarɓashi a ƙarƙashin injin wani, da kuzarka a ciki, kuma ka biya shi ladan ɓarar da ita. Idan ka zuba shi da raminsa, ka bar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace fuska don feƙewa, giram 210 zuwa 240 ya ishe ka. Babu wani canjin sinadari da zai ba ka ragin da ya kai wannan.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe, a kan mazubi na ƙarfe ne. Zaɓi girma uku ko huɗu da aka fi nema, a feƙe maka mazubinsu. Ban da daidaiton girma, ƙarfe yana sanyaya zubi da sauri, kuzar ta rarrabu ƙanana ko'ina. A mazubin ƙasa sanyin yana jinkiri, sai ta taru wuri-wuri, wani lokaci ka ga ta tsattsafo a jikin zubin kamar zufa. Sai dai wannan haɗi yana da hali guda da zai ba ka wahala. Alminiyom ɗin ya fara daskarewa tun a sama da digiri 600, kuzar kuwa tana ruwa har ƙasa da 232, don haka akwai dogon lokacin da zubin ya yi kamar ya kama alhali ba shi da ƙarfi. Idan yana tsukewa ya tarar da sandar ƙarfen da aka sa don fitar da rami a cikinsa ta hana shi, tsagewa zai yi. Ko dai ka yi sandar ramin da ɗan tsini ka zare ta da wuri, ko ka yi ta da yashi wanda zai ba da kai. Ka ɗumama mazubin zuwa digiri 200 ko 300 kafin zubin farko, kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya kasance a ciki, don narkakken alminiyom da danshi fashewa suke yi a fuskar mutum. Zubin juyi, wato zubi a mazubin da ke juyawa da gudu, wanda ake yi wa bushin na tagulla, ban ba ka shawararsa a nan ba: kuza ta fi alminiyom nauyi kusan ninki uku, juyin zai tura ta waje, alhali a ciki ake bukatarta.

Sai maganar abin da kake narkawa, kuma nan ne na fi jin tsoron a samu matsala. Tukunya tana yafe komai, bushin ba ya yafewa. Masana'antar narka alminiyom ta Ikot Abasi ta shafe shekaru ba ta aiki, don haka kusan kowa da kayan 'yan gwangwan yake zubi, kuma ba laifi ba ne, narka tsoho ba ya cin fiye da kashi 5 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa wajen fitar da sabo. Laifin shi ne a haɗa kowane iri a tukunya ɗaya. Gwangwanin lemo yana ɗauke da magniziyom, murfinsa ma ya fi yawa, shi kuma magniziyom kama kuza yake yi ya mayar da ita wani abu mai tauri, ka sayi kuza da tsada ya kashe maka amfaninta. Tsohon fistin yana da silikon wajen kashi 12 da magniziyom, ya yi yawa ga wannan aiki. Abin da ya fi dacewa shi ne tsohuwar wayar lantarki ta alminiyom, wadda tsarkinta ya kai kashi 99.5. Ka zare ƙarfen da ke tsakiyar wasunsu, ka kuma san daga hannun wa ka saya, kada a zo da 'yan sanda a same ka da wayar da aka yanko daga turke.

A kilo 10 na haɗi, waya kilo 9.2, kuza giram 600, jan ƙarfe giram 100, nikel giram 100. Nikel ba ya narkewa da sauƙi sai an same shi a haɗe da alminiyom tun daga masu sayarwa, kuma ga bushin da ba zai ɗau nauyi sosai ba kana iya barin sa. Jan ƙarfen, ka fara narka siraran wayoyinsa a cikin ɗan alminiyom ninkinsa biyu, ka zuba shi ƙanana ka ajiye. Wannan haɗin yana narkewa a digiri 548, yana shiga tukunya nan da nan. Kuza ita ce ta ƙarshe, dab da zubi, ka juya sosai daga ƙasa ba tare da ka kaɗa saman ba. Kada zafin ya wuce 750, don yawan zafi yana sa narkin ya sha iskar haidirojin, ka feƙe ka tarar da ƙananan ramuka. Tukunyar ƙarfe da aka yanko daga tsohuwar silinda kuma tana narkewa a hankali cikin alminiyom, ƙarfen ya fito a matsayin allurai masu karce shaf. Ma'aunin haɗin 850 bai yarda ƙarfe ya wuce kashi 0.7 ba. Sayi tukunyar girafait, tana biyan kuɗinta.

Ita kanta kuzar, ka kula. Abin da ake haƙowa a Filato baƙin yashi ne, sai an narka shi yake zama ƙarfe, aikin da masana'antar Makeri ta Jos ta fara tun farkon shekarun 1960. Abin da za a miƙo maka a kasuwa da sunan kuza sau da yawa dalmar liƙin rediyo ce, wadda kusan kashi 40 ɗinta dalma ce. Gwajin tsofaffi yana nan: lanƙwasa sandar kusa da kunnenka. Kuza ta gaskiya tana yin ƙara ƙas-ƙas, mai yawan dalma kuwa shiru take lanƙwashewa, ta kuma bar baƙi a takarda idan ka goga.

Bayan zubi, gasa su a digiri 220 na awa 8 kafin a feƙe. Hakan yana sa girmansu ya zauna, kada ya motsa bayan an ɗaura. Kuma ka yi yarjejeniya da mai injin feƙe ya share injinsa kafin aikinka, ya tara maka ɓarɓashinka daban. Ka ratsa shi da maganaɗisu, ka busar da shi, ka danne shi curi-curi, ka nutsa shi cikin narki maimakon ka watsa a sama ya ƙone. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tukunya.

Akwai abu guda da ke mayar da bushin mai kyau abin zagi, kuma a wurin ɗauri yake faruwa. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Bushin mai milimita 60 a cikin gidan ƙarfe, idan zafi ya ƙaru da digiri 80, yana neman ya fi gidansa da wajen 0.05 na milimita. Tunda ba shi da hanyar fita, sai ya matsu ta ciki ya shaƙe shaf, idan ya huce kuma ya saki gidan ya fara juyawa. Don haka ka bar masa sarari fiye da na tagulla, ga shaf mai milimita 50 ka bar 0.08 zuwa 0.10, ka sa ɗan fegi ya riƙe shi, shaf ɗin kuma ya zama mai tauri da santsi. Inda zafi ke wuce na tafasar ruwa, ko inda ba a samun mai a kai a kai, ko cikin ruwa da laka, ka gaya wa mai aiki gaskiya ya sa tagulla. Wurinsa shi ne inda mai ke gudana: akwatin giya, da famfon haidirolik na tarakta da tifa, wanda da yawansu dama da irin wannan haɗi suke zuwa daga masana'anta. Ga aikin nauyi mai tafiyar hawainiya da giris, haɗin tutiya mai alminiyom kashi 27 ma ya fi tagulla arha, sai dai shi ma ba ya son zafi.

Kafin ka sayar wa kowa, daga kowace tukunya ka ɗauki guda ka tsaga shi a tsaye, ka goge, ka duba ramuka da taruwar kuza. Wani kuma ka matse shi a bais: mai kyau yana lotsewa kafin ya tsage, wanda ƙarfe ko magniziyom ya yi wa yawa karyewa yake yi farat ɗaya. Ka buga lambar tukunya a gefen kowane bushin, ka rubuta a littafi abin da ka zuba a cikinta. Na farkon ka ba wa kanikawa biyu ko uku da ka amince da su, a sa a injin da ake iya buɗewa bayan wata guda, a auna shaf da bushin da maikuromita kafin da bayan. Idan shaf ne ya ci, akwai ƙarfe ko silikon da yawa a narkinka. Idan bushin ne ya shafe ya yi baƙi, a duba mai da sararin da aka bari.